Fitilun Mayafin Magajiya

"Ni fa, duk abin da ke da huji a jikinshi, in dai allura za ta shiga ta fita, na gama da shi. Ko jirgin sama ne, a kawo mini nan Alabar!"

Wannan maganar Masta Zulkiflu ce, kuma da kunnena na ji ta, ranar wata Talata da hantsi, yana tsaye a barandar shagonsa da ke unguwar Alabar, cikin Kumasi, da tef a wuya. Ni Buraima, shekara goma sha tara ina sayar da zare da maɓalli da zif a jikin bangonsa, saboda haka duk abin da zan gaya maka ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Kuma don kada in ɗauki alhaki, bari in faɗi gaskiya tun yanzu: mutumin nan ya iya aiki. In ya zauna ya yi wa mayafi fure, sai ka ji kamar ka sunsuna. Matsalar ɗaya ce, bakinsa ya fi hannunsa gudu. Shi ya raɗa wa kansa Injiniyan Allura, mu kuma a bayan idonsa muna ce masa Rediyo Alabar. Babban abin taƙamarsa shi ne ba ya yanke zare sai ya gama aiki, in ya zura shi sau ɗaya, da shi zai zagaye wuyan riga kaf.

Abincinsa kuwa yana hannun mace ɗaya, Hajiya Memuna, magajiyar ƙungiyar mata masu sayar da atamfa. Mata sittin ne, kuma duk biki ko suna sai sun yanki yayi, wato zane iri ɗaya, abin da 'yan uwanmu na Najeriya ke kira anko. Shekara goma sha biyar Masta ne ke yi musu aikin mayafi da wuyan riga. In ka cire aikin ƙungiyar nan daga shagonsa, abin da zai rage bai wuce facin wando ba. A ɗaya gefen titi kuma akwai Tayyiba, tela mai keken aiki sabo fil, wadda ba ta da surutu, sai dai ta gaishe ka ta koma kan ɗinkinta. Masta ya tsane ta ne saboda shirun nan nata, ba don komai ba.

To ranar nan Hajiya ta sauka daga pragya, keken haya mai ƙafa uku, ita da 'yarta Kausara, wadda za a ɗaura wa aure ranar Lahadi. Kausara ta yi karatun lantarki, aikinta gyaran injunan asibiti. Hajiya ta zauna a kan benci, bencin ya yi ƙara, ta fara bayani.

"Masta, ka san ran Lahadi dukanmu yayi ɗaya ne. Mata sittin, kala ɗaya. To ni uwar amarya, ta yaya baƙo zai san ni ne? Ina so mayafina shi kama wuta."

"Subhanallahi, Magajiya!"

"Ba gobara ba, kai ma dai. Fitila! Kausara, nuna mishi."

Kausara ta buɗe jaka ta fito da wani ɗan faifai baƙi, kewayayye, bai fi murfin kwalbar man shafawa ba. Gefensa duk ƙofofi ne masu bakin zinariya, kowace da ɗan rubutu a kusa da ita. Ta fito da ƙananan fitilu goma sha biyu kamar ƙwayar wake, da wani zare mai ruwan toka wanda ta ce na ƙarfe ne, wuta na bi ta cikinsa. Ta ce ta riga ta koya wa faifan abin da zai yi, fitilun za su riƙa ƙyaftawa ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ɗinki kawai ya rage, ita kuwa ko maɓalli ba ta iya ɗaurawa ba.

"Baba Zulki, ka duba da kyau, ka ji. Kowane ƙofa da aikinshi. Wannan mai alamar tarawa, duk wutan da batir ya kawo shi ke miƙa ma fitilu. Wannan na kusa da shi ma wuta ne, amma bolt uku kawai yake ba da, na ƙananan kaya ne, ka bar shi. Wannan mai G-N-D, ta nan wuta ke komawa gida. Wannan mai lamba ɗaya kuma saƙo yake kaiwa, shi ke ce ma fitila ke kama, ke mutu, ke yi kore. Sauran na madanni ne da abin jin motsi, ba mu aiki da su."

"Na sani," in ji Masta.

"Ƙofa uku, zare uku. Kowane ka ƙulle shi ka yanke. Kar su taɓa juna ko kaɗan."

"Na sani, na sani."

"Wuta kuma hanya uku ne. Ko wannan ɗan batir mai faɗi, ka cusa farin kanshi nan. Ko wannan akwati mai cin batirin tocila uku. Ko wayan caja ta wannan bakin. Amma Baba, don Allah, kar shi wuce bolt shida."

Masta ya yi wata dariya ta manya, ya juya faifan a tafin hannunsa. "Yarinya, tun ba a haifi ubanki ba... to, tun ba a haife ki ba nake ɗinki. Wannan ai maɓalli ne da ya yi makaranta."

Kausara ta kalle ni, na kalli rufin kwano. Ta miƙo mini takarda da ta zana komai a kai, da wata leda mai ɗauke da faifai na biyu da ragowar fitilu, ta ce in ajiye saboda ko-ta-kwana. Daga gobe za ta shiga lalle, kuma aluwanka, tsohuwar da ke kula da amarya, ta riga ta rantse za ta ƙwace wayarta har ranar Lahadi. Hajiya ta miƙe, ta gyara zaninta, ta kafe Masta da ido.

"Na gayyaci mata daga Accra da Tamale. In ka kunyata ni, aikin ƙungiya ya tsallaka titi." Ta nuna shagon Tayyiba da leɓe.

"In na kunyata ki, Magajiya, ki aske mini gemu da kwalba."

Laraba da safe gogan naka ya shimfiɗa mayafin, shuɗi mai duhu, mai tsada, ya ɗora faifan a kan kafaɗa. Na miƙa masa takardar, ya ture ta da bayan hannu, ya ce takarda ta 'yan koyo ce. Ya zura zaren ƙarfe sau ɗaya, ya bi ƙofofin nan kaf, shiga nan fita can, har ya zagayo inda ya fara, sannan ya zarce da zaren ya bi fitilu goma sha biyu bai yanke ba. Wallahi ɗinkin ya yi kyau. Ya kira mai koko, ya kira mai aski, ya kira duk wanda ya gifta, ya ce su zo su ga abin da Turawa suka ƙera Zongo ta kammala.

Ya cusa farin kan batirin. Muka zuba ido. Fitila ko ɗaya ba ta motsa ba.

"Shina ɗumi ne," in ji Masta.

Ɗumin kuwa ya yi. Kafin a jima sai muka ji ƙauri, zaren ya fara zafi, ɗan batirin ya kumbura kamar ƙosai a mai. Masta ya fizge shi, ya ƙona yatsa, ya yi wurgi da shi can cikin kwata, ya cusa yatsan a baki. Mai aski ya tambaya ko an gama ne ya koma, akwai mutum da rabin kai yana jiransa.

"Batirin yara ne kwraa, ba wani abu ba," in ji Masta, yatsa na baki. "Ni gwada shi na yi, ya faɗi jarrabawa."

Na ce, "Masta, ta ce kar zare shi taɓa juna. Kai kuwa ka ɗaura musu aure gaba ɗaya."

"Buraima, kai zare kake saidawa. Ni ke aiki da shi."

Amma da mutane suka watse, na hango shi ta taga yana farke ɗinkin da reza, yana waiwaye. Allah ya taimake shi faifan bai mutu ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne almakashi, don gobe dole ya yanke zare har sau uku a aiki ɗaya, kuma ya san zan gani.

Alhamis ya yi zare uku kamar yadda aka ce, kowanne da hanyarsa. Sai dai wajen zaɓen ƙofa, da ido ya zaɓa. Ya ɗauki ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a tsakiya, don zaren su sauko daidai wa daida su yi siffar ganye. Na ce masa mai lamba ɗaya fa aka ce, ya ce ƙofa ƙofa ce, wanda ya huda su ma da ƙusa ɗaya ya huda. Tunda ɗan batiri yana kwata, sai ya jona wayar cajarsa a bango. Wata 'yar fitila a jikin faifan kanta ta kama, alamar yana da rai, amma na mayafi goma sha biyun nan suka yi masa shiru kamar sun haɗa baki.

Ya hura musu iska. Ya ɗan mari faifan. Ya ce wutar unguwa ce ba ta da ƙarfi, alhali fankarsa tana juyi har tana neman tashi sama. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na ɗauko takardar na koma teburina na fara karantawa da ƙarfi, kamar ina yi wa kaina.

"Alamar tarawa, babban, zuwa tarawa na fitila. G-N-D zuwa alamar ɗebewa. Lamba ɗaya zuwa inda kibiya ke shiga..."

Keken Masta ya yi tsit. Na maimaita sau uku, ina jan murya kamar mai koyar da yara. Can sai na ji ƙarar reza. Bayan azahar ya ƙwala ihu, na ruga, sai ga mayafi yana ƙyaftawa, kore, ja, ruwan zinariya, ɗaya bayan ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na ji daɗi har cikin raina.

"Ka gani?" in ji shi. "Dama abin da zan yi ke nan, kai ne ka cika ni da surutu."

Ya yafa mayafin a kafaɗa ya fita zai nuna wa Tayyiba. Taku uku ya yi, wayar caja ta ƙare, ta fizge daga bango, fitilu suka mutu daidai lokacin da Tayyiba ta ɗago kai. Ta ce masa sannu da aiki, Masta, ta mayar da kanta ƙasa.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci Hajiya ta zo gwaji. Aka yafa mata, aka jona a bango, ta ga kanta a madubi ta rangaɗa guɗa. Ta ɗan taka rawa, ta juya, sai ta ji an riƙe ta ta baya.

"Ei, Masta, mi ke nan? An ɗaure ni kaman ragon layya?"

"Ƙaramin abu ne, Magajiya. Za mu ƙara waya. Ina da mutum a Anloga, shina da mai tsawo paa."

"Daga gidana zuwa bakin titi zan taka. In ja waya mata sittin su yi tuntuɓe? Ina akwatin batir ɗin da Kausara ta kawo?"

Nan ne fa da Allah ya rufa masa asiri da ya ce ga shi, a zuba batiri uku a huta. Ina da su ma a teburina. Amma ina, ai akwatin yana cikin bayanin yarinya, shi kuwa so yake a ce dabarar tasa ce. Ya dafe ƙirji.

"Batirin tocila? Magajiyan mata sittin, uwar amarya, ta rataya batirin tocila kaman wacman mai gadi? Matan Accra su ji? Allah shi kiyaye!"

Ka san Hajiya da son girma. Nan take ta yamutsa fuska ta ce ita ma dama abin bai kwanta mata ba. Masta ya ari fawa-bank ɗina, wanda nake cajin waya da shi in an ɗauke wuta, ya jona. Fitilu suka kama, Hajiya ta fara murmushi. Ba a yi rabin minti ba suka mutu. Ya danna madannin da ke jikinsa, suka dawo. Rabin minti, suka sake mutuwa. Ashe abin nan an yi shi ne don waya mai zuƙar wuta da yawa, in ya ji abin da ake sha kaɗan ne sai ya ɗauka ba kowa, ya kashe kansa. Wannan daga baya na sani. A lokacin dai Masta cewa ya yi yana hutawa ne, don ƙarfinsa bai kai darajar mayafin ba.

"Ki je ki kwantar da hankali, Magajiya. Gobe zan ba shi wutan manya."

Asabar da safe na tarar ya kwance batirin babur ɗinsa ya ɗora a kan tebur. Ya ɗauko akwatin batirin tocila, ya datse wayoyinsa tun daga gindi don ya samu farin kan nan mai shiga faifai, ya jefa gawar akwatin a kwandon shara. Na duba jikin batirin babur, ga sha biyu nan an rubuta ɓaro-ɓaro.

"Masta, ta ce kar shi wuce shida."

"Shida na yara ne. In shida ya ba da haske, sha biyu zai ba da biyunshi. Ba ka yi lissafi a makaranta ba?"

"Masta, ka ji tsoron Allah."

"Matsa, kar haske shi kashe maka ido."

Haske kam an yi. Fitilu goma sha biyu suka kama lokaci ɗaya, fari fat, shagon ya yi wal. Masta ya buɗe baki zai yi kirari, sai muka ji tas, tas, tas, wani siririn hayaƙi ya tashi daga faifan, warin roba ya cika wuri. Farin kan ya narke ya manne. A kafaɗar mayafin Hajiya kuma ga ƙuna nan baƙa, faɗin kwabo.

Masta ya zauna a ƙasa. Ya dafe kai yana kallon ƙunar. Na so in yi dariya, amma da na ga yadda yake kallon shagon Tayyiba ta ƙofa, sai tausayinsa ya kama ni, don na san 'ya'yansa da yawan tuwon da suke ci. Na je na ɗauko ledar ko-ta-kwana na ajiye a gabansa, na ɗora takardar a kai.

Wannan karon bai ture ta ba. Ya wuni yana aiki, ina karanto masa, har la'asar ta yi sanyi. Ƙunar nan ya rufe ta da wani fure da ya fi duk na jikin mayafin kyau. Ƙofa uku, zare uku, kowanne ya ƙulle ya yanke. Aka jona a bango, fitilu suka yi ƙyaf-ƙyaf lafiya lau. Sai maganar wuta. Ɗan batiri yana kwata, akwati yana shara ba wayoyi, masu sayar da irin kayan nan a Adum sun rufe, gobe kuma Lahadi ce, ka san Kumasi da Lahadi. Abin da ya rage a duniya shi ne fawa-bank ɗina mai barcin rabin minti.

Lahadi bayan la'asar aka tare titi, aka kafa rumfuna, makaɗa suka zauna. Mata sittin cikin yayi ruwan goro, sai ƙamshin turare. Muka shiga zauren Hajiya da mayafi, Tayyiba ma tana nan tana gyara wa wata zif. Masta ya yafa wa Hajiya, ya jona, ya tsaya a bayanta yana danna madanni a ɓoye duk bayan 'yan daƙiƙu. Hajiya ta lura.

"Mi kake yi a bayana?"

"Sarrafa shi nake yi, Magajiya. Wannan na'ura sai da hannu."

Tayyiba ta ce, a hankali yadda ta saba, "Masta, in dannawa ne kawai, ka kawo in riƙe mata. Ai cikin mata ne."

Ka ga ƙofar tsira ta biyu ke nan. Amma a ce Tayyiba ta riƙe aikinsa, ta gane cewa madanni ɗaya ne tal? Masta ya ja da baya kamar ta ce ya ba ta 'yarsa.

"Ke! Kin san mi ke ciki? Akwai ƙidaya. In wanda bai da ilimin ya taɓa, ya kuskure da daƙiƙa ɗaya, wuta zai ja Magajiya ya maka ta da ƙasa!"

Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati. "Saa? Da gaske? To wallahi ba mai taɓa shi sai kai. Mu je."

"Mu je ina?"

"Fili mana."

Wayar ba ta fi kamu biyu ba. Haka Hajiya ta fito, Masta na manne a bayanta cikin farar jamfa, ya riƙe fawa-bank da hannu biyu. Ba a yi taku goma ba mai ɗaukar bidiyo ya fara ƙorafi, wai farin abin nan yana ɓata masa hoto, mata sittin kala ɗaya sai gardi ɗaya tsakiya kamar ƙashi a miya. Matan ƙungiya ba su yi wata-wata ba. Aka ɗauko ragowar yayi yadi shida aka naɗe Masta tun daga hammata har idon sawu, wata ta ɗaura masa ɗankwali, har da ɗan karkace shi gefe. Bai iya hanawa ba, don in ya saki madanni fitilu za su mutu. Gemu kaɗai aka bari a waje.

Ba ka taɓa ganin rawar Hajiya Memuna ba, ko? Mace ce mai jiki, amma in kiɗa ya shige ta sai ka rantse ba ƙashi a bayanta. In ta yi gaba, Masta ya yi gaba. In ta duƙa, ya duƙa. In ta juya, dole ya zagaya da gudu cikin zani, yana taku ƙanana kamar mai jin fitsari. Gumi ya karyo masa. Da ya ɗaga hannu zai share ido sai fitilu su mutu, mata sittin su haɗa baki:

"Masta, danna!"

Ya danna. Makaɗa suka ji abin ya yi daɗi, suka ɗauke shi suka sa a kiɗa. Matan Accra da na Tamale da ba su san hawa ba suka ɗauka sabuwar waƙar Kumasi ce, suka kama suna tafi. Wata tsohuwa da idonta ya yi rauni ta tako da sanda ta manna masa kuɗi a goshi, ta ce Allah ya kawo miji nagari, amma a nemi maganin gashin fuskar nan. Ni ina gefe a kan benci, na yi dariya har cikina ya ƙulle, ina yi ina neman gafarar Allah.

Sama da awa biyu ana haka kafin aka fito da amarya. Kausara ta zo gaban uwarta, hannu ya sha lalle, ta kalli mayafi ta yi murmushi. Sannan ta leƙa baya ta ga wata ƙatuwar mace mai gemu tana haki.

"Mma, wa ke nan?"

"Masta ne. Shina riƙe wuta kar ya ja ni."

"Wane wuta? Wannan ko ƙuda ba zai ja ba. Baba Zulki, ina batirin da na ba ka?"

Masta ya ce wani abu da ba wanda ya ji.

"Akwatin fa?"

Ya sake cewa wani abu. Kausara ta karɓi fawa-bank ɗin daga hannunsa, ta juya shi, ta danna madannin sau biyu da sauri, ƙit-ƙit. Wata 'yar koriyar alama ta fito.

"Irin wannan in ka danna sau biyu, ba shi kashe kanshi. An yi shi ne don ƙananan kaya." Ta soke shi a ƙugun zanin uwarta, ta ja hannunta suka shiga fili.

Kiɗa bai tsaya ba, amma duk idon da ke wurin yana kan mayafi. Rabin minti ya wuce. Minti ɗaya. Minti biyar. Fitilu na ta ƙyaftawa abinsu, Masta na tsaye shi kaɗai a tsakiyar titi cikin yayi, babban yatsansa har yanzu yana dannar iska.

Da aka zo godiya Hajiya ta karɓi makirfo. Ta gode wa matan Accra, ta gode wa na Tamale, ta gode wa masu girki. Sannan ta juyo.

"Sai Masta Zulkiflu. Awa biyu ina rawa ina kalman shahada, ina jira wuta shi maka ni da ƙasa, ashe ƙarya ne. To ku shaida, daga yau aikin ƙungiya na Tayyiba ne."

Mata suka yi guɗa. Masta ya fara laluben bakin zani zai kwance ya sulale.

"Tsaya, ban gama ba. Mu a ƙungiyanmu, duk wanda ya sa yayi ya taka rawa da mu, ya zama namu, ba mu korar mamba. Sunan jikan 'yar ƙungiyanmu Safia wata mai zuwa ne, za mu yanki sabon yayi. Gobe da safe ka tsallaka titi Tayyiba ta gwada ka, don wannan ɗin bai zauna maka a ƙugu ba."